Mura Ce Kawai? Fashin Baƙi Kan Infuluwenza da Dalilin da Ya Sa Take Kisa

Duk lokacin da labari ya zo cewa asibitocin wata ƙasa sun cika da masu fama da mura, ko an rufe makarantu saboda ita, tambayar da ke fara zuwa bakin mutane ita ce: yaya za a yi mura, wadda kowa ya saba yi ya warke ko da bai sha magani ba, ta kwantar da mutum a gadon asibiti har ta yi ajalinsa? Tambayar tana da tushe, domin da wuya shekara ta zagayo mutum bai yi 'yan kwanaki yana atishawa da face majina ba. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan ɗaya ne ke kamuwa da cutar infuluwenza a kowace shekara, miliyan 3 zuwa 5 daga cikinsu take yi wa mugun kamu, kuma tsakanin 290,000 da 650,000 ne ke mutuwa saboda matsalar numfashi da take haddasawa. Wannan lissafi ba na shekarar annoba ba ne, na shekarar da kowa ke ganin an zauna lafiya ne.

Suna ɗaya, cuta biyu

Ruɗanin ya fara ne daga suna. Kalmar mura ta haɗa cututtuka biyu waɗanda alamominsu suka yi kama a ido, amma asalinsu da ƙarshensu suka sha bamban. Ta farko ita ce murar yau da kullum, wadda ƙwayoyin bairos fiye da iri 200 ke kawowa, akasarinsu daga dangin da ake kira rainobairos. Wannan takan tsaya a hanci da maƙogwaro, ta zo a hankali, ta tafi cikin mako guda. Ta biyu ita ce infuluwenza, wadda dangin bairos guda ke haddasawa, kuma tana iya gangarawa har cikin huhu.

Wanda ya taɓa yin ta biyun ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Mutum ya fita aiki da safe garau, kafin rana ta yi tsaka ya fara jin sanyi na ratsa ƙashinsa, zuwa yamma jikinsa ya yi rau da zazzaɓi, kansa na sarawa, cinyoyi da gadon baya na ciwo kamar an yi masa duka, ga busasshen tari mai tsaga ƙirji. Mai murar yau da kullum yakan ci gaba da harkokinsa da hankici a hannu, shi kuwa mai infuluwenza tashi ya ɗauko ruwan sha ma aiki ne a wurinsa. Zazzaɓin kan sauka cikin mako ɗaya, amma tarin da kasala suna iya kai mako biyu ko fiye.

Shi kansa sunan infuluwenza daga harshen Italiya ya fito, ma'anarsa tasiri, saboda mutanen da suna ɗauka cewa tasirin taurari ne ke saukar da ita. Ko bayan da ilimin likitanci ya yi nisa, an daɗe ana laluben dalilinta a wurin da ba nan ba. A 1892 wani likitan Jamus mai suna Richard Pfeiffer ya ɗora laifin a kan wata bakteriya da ya samu a jikin marasa lafiya, kuma aka tafi a kan haka shekaru da dama. Sai a 1933 ne masana uku a Landan, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, suka tace ruwan kurkure maƙogwaron marasa lafiya ta yadda babu bakteriyar da za ta tsallake, suka ɗiga shi a hancin wata 'yar dabba mai kama da tunku da ake kira feret, dabbar ta kamu da zazzaɓi da atishawa. Nan aka tabbatar cewa bairos ne. Wannan bambanci tsakanin bairos da bakteriya ba gardamar masana kaɗai ba ce, domin a kansa batun magani ya rataya.

Yadda take shiga da yadda take kisa

Ƙwayar cutar tana fita ne cikin feshin yawu da majina idan mai ɗauke da ita ya yi tari ko atishawa, ko ma magana kawai. Manyan ɗigon kan faɗi kusa, ƙananan kuwa suna iya shawagi a iskar ɗakin da ba shi da mashigar iska. Hannun da ya taɓa inda feshin ya sauka sannan ya taɓa hanci ko ido shi ma hanya ne. Daga shigarta jiki zuwa bayyanar alamu kwana ɗaya ne zuwa huɗu, galibi biyu. Abin da ya sa shawo kanta ke da wuya shi ne mutum yana iya fara yaɗa ta kwana guda kafin shi kansa ya san ba shi da lafiya, ya ci gaba da yaɗawa har kwana biyar zuwa bakwai, yara ƙanana kuma fiye da haka.

Kisan nata ta hanya uku yake zuwa. Akwai lokacin da bairos ɗin da kansa yake mamaye huhu, garkuwar jiki ta taso masa da ƙarfin da ya wuce kima, 'yan jakunkunan iska na huhu su cika da ruwa, iskar oksijin ta kasa shiga jini. Hanya ta biyu, wadda ta fi yawa, ita ce bairos ɗin ya ɗaye shimfiɗar da ke kare hanyoyin numfashi, sai bakteriyar da dama can take zaune a hanci da maƙogwaro ba ta cutar da kowa ta sami ƙofa a buɗe, ta haifar da ciwon huhu na nimoniya. Alamar wannan sananniya ce ga likitoci: mara lafiya ya fara samun sauƙi har ana yi masa barka, bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya dawo fiye da na farko, tari ya koma mai kauri, numfashi ya fara sarƙewa.

Hanya ta uku ita ce ta ɓoye. Infuluwenza takan tayar da ciwon da ke kwance, kamar ciwon zuciya da asma da ciwon sukari da na ƙoda. Wani bincike da aka yi a Kanada aka wallafa a 2018 ya nuna cewa haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau shida a makon farko bayan an tabbatar mutum ya kamu. Idan dattijo ya rasu a irin wannan hali, abin da iyalinsa za su faɗa, kuma abin da za a rubuta a takarda, shi ne zuciya ce ta buga. Babu mai ambaton murar da ta kwantar da shi kwana biyar kafin nan. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa ake raina cutar: gawarwakinta da yawa da sunan wasu cututtuka ake binne su. Haka kuma a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, duk zafin jiki shi ake fara zargi, ta yadda infuluwenza kan shigo ta yi ɓarnarta ta fita ba a taɓa kiran sunanta ba.

Waɗanda ta fi yi wa illa su ne masu shekara 65 zuwa sama, yara 'yan ƙasa da shekara biyar musamman waɗanda ba su kai biyu ba, mata masu juna biyu, da masu raunin garkuwar jiki ko cututtukan da aka ambata, har da masu sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 99 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ke mutuwa da ciwon huhu mai nasaba da infuluwenza a ƙasashe masu tasowa suke, wanda ke nuna cewa rashin oksijin da rashin isa asibiti a kan kari suna kisa daidai da ƙwayar cutar.

Me ya sa ba a gama da ita ba

Wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya, ko aka yi masa rigakafinta cikakke, a mafi yawan lokuta ya rabu da ita har abada, saboda ƙwayar ƙyanda ba ta sauya kamanninta ta yadda garkuwar jiki za ta kasa gane ta. Infuluwenza ba haka take ba.

Iri huɗu gare ta, A da B da C da D, amma A da B ne ke kawo cutar da ake fama da ita duk shekara, kuma A kaɗai aka sani da tayar da annobar duniya. A bayan ƙwayar A akwai wasu furotin biyu masu kama da ƙaya. Na farko, wanda ake yi wa laƙabi da H, shi ne mabuɗin da take buɗe ƙwayar halittar jikin mutum da shi ta shiga. Na biyu, N, shi ne almakashin da ke yanke sababbin 'ya'yan da ta haifa su fita su kama wasu. Akwai H aƙalla iri 18 da N iri 11, kuma daga haɗuwarsu ne ake samun sunaye irin su H1N1 da H3N2, waɗanda su ne ke yawo tsakanin mutane a yanzu. Garkuwar jiki da waɗannan ƙayoyi biyu take shaida maƙiyinta.

Ita kuwa ƙwayar, idan tana kwafar kanta, kamar magatakarda ne mai kwafar littafi cikin gaggawa ba tare da mai bita ba: kowane kwafi da ɗan kuskurensa. Kurakuran suna taruwa sannu a hankali har siffar ƙayoyin ta ɗan sauya, garkuwar da ta san ta bara ta yi mata kallon baƙuwa bana. Wannan sauyi na sannu shi ya sa mutum ke iya kamuwa sau da yawa a rayuwarsa, shi ya sa kuma ake sabunta allurar rigakafi kowace shekara.

Akwai kuma sauyi na farat ɗaya, wanda shi ne abin tsoro. Kundin halittar ƙwayar ba dunƙule yake ba, gutsure takwas ne. Idan ƙwayoyi iri biyu, misali ta tsuntsu da ta mutum, suka haɗu a jikin dabba ɗaya, suna iya musayar gutsattsarin, a sami sabuwa wadda babu wanda garkuwarsa ta taɓa gani. Tsuntsayen ruwa na daji irin su agwagi su ne rumbun asali na wannan dangi, alade kuwa ya yi suna a matsayin mahaɗa domin yana kamuwa da ta tsuntsu da ta mutum duka. Ta irin wannan hanya annobar 1957 da ta 1968 suka ɓulla, kowacce ta kashe mutum miliyan ɗaya ko fiye, ta wannan hanyar ce kuma ta 2009 da aka kira murar aladu ta samo asali, wadda aka fara gani a Meziko da Amurka.

Abin da ya faru a 1918

Babu mai magana a kan infuluwenza da zai tsallake 1918. An ƙiyasta cewa annobar ta kama mutane kusan miliyan 500, wato sulusin al'ummar duniya a lokacin, kuma ƙiyasin da aka fi ambata na waɗanda suka mutu shi ne miliyan 50, adadin da ya zarce na waɗanda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci. An liƙa wa Sifaniya sunan cutar ba don can ta fara ba, sai don ƙasar ba ta cikin yaƙin, jaridunta suna buga labarin a fili, har da rashin lafiyar sarkinta Alfonso na 13, alhali ƙasashen da ke fagen daga suna danne nasu labarin. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne yadda ta yi ta ɗauke majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40.

A wani ƙauye da ake kira Brevig Mission a Alaska, cikin kwana biyar na watan Nuwamban 1918, manya 72 daga cikin 80 suka mutu, aka binne su a kabari ɗaya cikin ƙasar da ƙanƙara ba ta saki. A 1951 wani ɗalibi mai suna Johan Hultin ya nemi izinin mutanen ƙauyen ya tona kabarin don neman ƙwayar cutar, bai dace ba. Ya sake komawa a 1997 yana da shekara 72, ya samo huhun wata mata da sanyi ya adana, kuma da taimakon wannan ne aka kammala karanta kundin halittar ƙwayar a 2005. Ta tabbata H1N1 ce, mai kusanci sosai da ta tsuntsaye.

Wani abin da masu tsara manufofin lafiya ke yawan komawa gare shi shi ne labarin birane biyu na Amurka. Filadelfiya ta bar wani gagarumin fareti ya gudana ranar 28 ga Satumban 1918, mutane kusan 200,000 suka yi cincirindo, cikin 'yan kwanaki asibitocin birnin suka cika maƙil. Sant Luwis kuwa ta rufe makarantu da wuraren taro tun cutar na sabuwar shigowa, kuma yawan mace-macenta a ƙololuwar annobar bai kusanci na Filadelfiya ba.

Gardamar rigakafi

Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya take da jerin ɗakunan gwaje-gwaje a ƙasashe da dama da ke bibiyar irin ƙwayar da ke yawo. Sau biyu a shekara masana ke zama, a Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya, a Satumba domin na kudu, su zaɓi nau'o'in da suke hasashen za su yi tashe. Dole a yi zaɓin da wuri saboda har yanzu mafi yawan allurar a cikin ƙwan kaji ake renon ƙwayarta, aikin da ke cin kusan wata shida. Cikin waɗannan watanni ƙwayar tana iya sauyawa, hasashen ya kauce.

Nan ne masu sukar allurar ke samun abin faɗa, kuma ba duka maganarsu ce ta banza ba. A shekarar da hasashe ya dace, allurar tana rage haɗarin kamuwa da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari ne, a shekarar da ya kauce kuma ƙasa da haka. Idan aka gwada da rigakafin ƙyanda, wannan rauni ne a fili. Suna kuma tuna 1976, lokacin da mutuwar soja guda a wani sansani a Amurka ta sa gwamnatin Gerald Ford ta yi wa mutane fiye da miliyan 40 allura don tsoron maimaituwar 1918. Annobar ba ta zo ba, aka kuma dakatar da shirin bayan an lura da ƙaruwar wata cutar jijiyoyi mai shanye gaɓoɓi a kusan mutum ɗaya cikin kowane 100,000 da aka yi wa. A 2009 ma an zargi Hukumar Lafiya ta Duniya, musamman a Turai, da kururuta annobar da ta zo da sauƙi fiye da yadda aka zata.

Masu goyon baya suna amsawa da cewa ma'aunin ba hana atishawa ba ne, hana kwanciya asibiti da mutuwa ne, kuma ko wanda aka yi wa allurar ya kamu, cutar takan zo masa da sauƙi. Haɗarin waccan cutar jijiyoyi a allurar yanzu bai wuce ɗaya ko biyu cikin miliyan ba, kuma ita infuluwenzar da kanta tana iya haddasa ta. Mai juna biyu da aka yi wa allura tana miƙa kariyar ga jaririnta a watannin farko, lokacin da shi bai isa a yi masa ba, domin sai ya kai wata shida. Ni dai ina ganin hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi, musamman ga waɗanda ke cikin haɗari, amma hukumomin lafiya suna cutar da kansu duk sa'ad da suka tallata allurar kamar ba ta da gazawa, domin mutumin da aka yi wa alkawarin ba zai kamu ba sannan ya kamu, da wuya ya sake miƙa hannunsa.

Ƙorafin da ke cewa allurar ce ke sa mura ba shi da tushe, domin babu ƙwaya mai rai a cikinta. Tana bukatar kusan mako biyu kafin ta fara aiki, kuma ba ta da ruwa da sauran ƙwayoyi 200 na murar yau da kullum.

Magani, da kuskuren da aka fi yi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne garzayawa a sha antibayotik da zarar zazzaɓi da tari sun zo. Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Amfaninsa sai idan likita ya ga nimoniyar bakteriya ta biyo baya, shan sa kafin nan kuwa koya wa bakteriya jure magani ne kawai. Akwai magungunan da aka yi domin infuluwenza kanta, wanda aka fi sani shi ne oseltamivir da ake sayarwa da sunan Tamiflu, aikinsa toshe almakashin nan na N, amma ya fi tasiri idan an fara shi cikin sa'o'i 48 na farko. Ga mai ƙarfin jiki, hutu da yawan shan ruwa da maganin sauke zazzaɓi sukan wadatar. Ba a ba yara da matasa asfirin a wannan hali, saboda yana iya jawo wata mummunar cuta mai taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Lokacin da bai kamata a tsaya jira ba shi ne idan numfashi ya yi wuya, ko ƙirji na ciwo ba sassauci, ko leɓɓa sun sauya launi, ko mara lafiya ya fara ruɗewa, ko fitsari ya ɗauke. Ga yaro kuwa, a duba ko yana numfashi da sauri, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa duk jan numfashi, ko ya ƙi karɓar nono da ruwa.

Cewa matakan kariya na yau da kullum suna aiki, an ga shaidarsa ba da niyya ba. A lokacin korona, da aka sa takunkumi aka rage tafiye-tafiye da cunkoso, infuluwenza ta kusan ɓacewa a hunturun 2020 zuwa 2021, kuma wani reshe na nau'in B da ake kira Yamagata ba a sake tabbatar da ganinsa yana yawo ba tun watan Maris na 2020, har aka ba da shawarar cire shi daga allura.

Inda ido yake yanzu

Abin da ke hana masana barci a yau shi ne murar tsuntsaye, H5N1. An fara ganinta a jikin mutane a Hong Kong a 1997, ta kama 18 ta kashe 6, hukumomi suka hallaka kajin yankin fiye da miliyan ɗaya cikin 'yan kwanaki. Daga 2003 zuwa yau an tabbatar da kamuwar mutane fiye da 900 a duniya, kuma kusan rabinsu sun mutu, ko da yake wannan kaso yana iya zama ya yi yawa tunda waɗanda ta yi wa kamun sauƙi ba sa zuwa a gwada su. A 'yan shekarun nan ta bazu a nahiyoyi ta hanyar tsuntsaye masu ƙaura, ta shiga dabbobi masu shayarwa iri-iri, kuma a watan Maris na 2024 aka same ta a shanun tatsa a Amurka, inda gomman ma'aikatan gonaki suka kamu, yawancinsu da jan ido da 'yar mura.

Kusan duk waɗanda suka kamu, daga dabba suka ɗauka kai tsaye, ta hanyar kiwo ko yanka ko fige ko taɓa mushe. Mabuɗinta na H bai dace sosai da hancin mutum da maƙogwaronsa ba, shi ya sa ba ta iya tsallakawa daga mutum zuwa mutum cikin sauƙi. Sai dai kowace dabba mai shayarwa da ta shiga wata dama ce ta ƙara yin kuskuren kwafi, ko ta haɗu da ta mutane su yi musayar gutsattsari. Saboda haka abin da masu sa ido ke nema ba yawan kajin da suka mutu ba ne kaɗai. Sun fi damuwa da rahoton gida guda da mutum uku ko huɗu suka kwanta ɗaya bayan ɗaya, ko ma'aikaciyar jinya da ta kamu bayan ta kula da mara lafiya, alhali babu ɗayansu da ya kusanci kaza ko saniya.